Wa Ya Kwafa Daga Wa

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Baba? Kin ce idon dama ma ya bi sahun na hagu, yanzu sai dai ya bambanta haske da duhu. Ki riƙa ɗiga masa maganin ko yana faɗa. Kin dai san Hedimasta, ya yi ritaya daga makaranta amma bai yi ritaya daga ba da umarni ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da katifar ɗakin kwananmu da ta siranta har haƙarƙarina ya san kowane ƙarfen gado.

Yaya, karatun tauhidin nan ya fara yi mini daɗi. A zangon nan an ba mu wani littafi mai faɗi da aka buga Bisharar Matiyu da ta Markus da ta Luka a jere, kowace a layinta, labari yana kallon ɗan'uwansa. Ina zama a dogon teburin ɗakin karatu kusa da taga, da fensira masu launi. Kalmar da ke cikin duka ukun in ja mata ja, wadda ke cikin Matiyu da Luka kaɗai in ja mata shuɗi. Kafin in tashi shafin ya yi kama da ragowar yadin da ke ƙarƙashin keken ɗinkinki.

Abin da ya fito ya ba ni mamaki. Kusan duk abin da ke cikin Markus yana cikin Matiyu, sau da yawa kalma da kalma, kuma jerin labaran ma yakan zo ɗaya. Yawancin masana suna ganin Markus ne ya fara rubutawa, Matiyu da Luka suka ajiye nasa a gabansu suna kwafa, suna gyara, suna ƙari. Akwai kuma koyarwar Yesu da ke cikin Matiyu da Luka amma babu ita a Markus. Wasu sun ce daga wani tsohon rubutu ne da ya ɓace, wasu sun ce Luka ne ya ga na Matiyu. Ki gaya wa Baba, da a ajinsa suka yi wannan aikin, da tuni jan bironsa ya kama su.

Ki kuma ce masa alkawarina yana nan. Da an ba mu hutu zan zo in karɓe ki, in zama idonsa, ni zan riƙa karanta masa Littafi kowace safiya.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Mun samu wasiƙarka, muna lafiya, yara suna gaishe ka. Jikin Baba da sauƙi har zuwa ranar da ta iso. Yanzu jininsa ya hau, mai kemis na kusa da mu yana zuwa yana auna shi, kuma kai ne sanadi.

Wai kai me yake damunka? Ka san ni nake karanta masa wasiƙunka, ka san kuma ba ya yarda in tsallake ko da waƙafi. Yana zaune a kujerarsa ta katako bayan addu'ar safe, ya kashe rediyo don ya ji ka da kyau. Da na zo kan maganar jan biro har na yi dariya, sai na ji ni kaɗai nake yi. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce in sake, na sake, murya tana raguwa.

Kai ka tashi a gidan nan amma kamar baƙo ne kai. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana farautar masu satar amsa, wanda in ya ga takardu biyu sun yi kama sai ya shimfiɗa su a tebur ya ba kowa sifiri ya aika a kira iyaye, shi za ka yi wa wasa da kalmar kwafa? A wurinsa babu ƙazamin laifi kamarta, don sata ce da ƙarya a haɗe.

Sai ya ce, "Wato na tura yaro ya koyo Maganar Allah, ya koyo mini cewa bayin Allah ɓarayin amsa ne. Har yana gayyata ta in zo in kama su." Na ce, "Baba, wasa yake yi, kun san bakin Auta." Ya ce ba ni ya tambaya ba. Ya ce shi tun yana saurayi abin da ya dogara a kai shi ne shaidu daban-daban sun ga abu ɗaya, bakinsu ya zo ɗaya. Yanzu ɗansa ya ce masa shaida ɗaya ne da masu leƙe biyu.

Ga hukuncin, kuma da bakinsa nake faɗa maka. Ya ce bakin da ya faɗi wannan ba zai karanta masa Littafi ba. Ya ce in an yi hutu ka zauna can wurin malaman naka, kada ka tako masa gida.

Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Tsohon nan ba shi da ƙarfin da yake nunawa, tun rasuwar Mama ranar zuwanka kawai yake jira. Ka zauna yau ɗin nan ka rubuto ban haƙuri. Gajere. Ban da masana, ban da fensir ja da shuɗi. Ka ce ka tuba, shi ke nan, ni na san yadda zan bi da sauran.

Yayarka

*

Auta,

Ina fata kana lafiya, ko da yake ban san ko kana raye ba. Mu dai muna nan. Baba ya rage cin abinci, ƙafafunsa sun ɗan kumbura.

Kullum sai na rufe shago na bi ta gidan waya, har ma'aikacin wurin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. In na dawo Baba ba ya tambaya, amma yana jin ƙarar ƙofa sai ya juyo da fuskarsa, ya jira ko zai ji motsin takarda. In bai ji ba sai ya ce in kunna masa rediyo. Shekaranjiya ya ce, ba tare da na tayar da maganar ba, "Ai mai ilimi ba ya ba jahili amsa." Wannan fassarar shirunka ke nan a gidan nan, kuma ba ni da wata da zan ba shi.

In fushi kake yi, da wa? In kunya ce, ka haɗiye ta. Jiya na yanka wuyan rigar wata mata a karkace saboda tunaninka, sai da na sayo mata wani yadin. Ka ji tsoron Allah ka rubuto.

Yayarka

*

Yaya,

Na gaishe ku duka, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Ni ina lafiya. An tura mu aikin koyon wa'azi a ƙauyuka, can inda babu gidan waya. Yau na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a akwatin ofishin makaranta, ɗaya a kan ɗaya. Ban yi shiru da gangan ba, ban ma san ana jirana ba.

Kin ce in tuba. Yaya, in na ce abin da na rubuta ba haka yake ba, na yi wa Baba ƙarya, kuma shi ne ya zane ni a kan ƙarya tun ina ƙarami. Ga abin da za ki karanta masa.

Baba, barkanku da jiki. Wasa na yi, amma abin da ke ƙarƙashin wasan gaskiya ne, ba zan janye shi ba. Ban ce sun yi sata ba. Ɗalibi yana kwafa ne don a ɗauka ilimin nasa ne. Waɗannan kuwa ba maki suke nema ba, labarin da aka danƙa musu suke isarwa ga wasu mutane dabam. Luka ma a layukansa na farko ya faɗa a fili cewa mutane da yawa sun riga shi rubutawa, shi kuma ya bi diddigi. Ɓarawo ba ya fara takardarsa da haka.

Ku sa a karanta muku labarin hadari a teku. A Markus, Yesu yana barci a kan matashi, almajirai suka tashe shi da magana mai kaushi, kamar suna zargin bai damu da su ba. A Matiyu babu matashin, maganar kuma ta koma roƙon ceto. Wa ya fi kama da wanda ya zo daga baya, mai kaushin ko mai laushin? Ku sa a karanta ciyar da mutum dubu biyar. Markus ya ce a wurin da ba kowa aka yi. Luka ya fara da cewa wani gari suka nufa, amma kaɗan a gaba sai ga almajirai suna cewa ai nan wuri ne da ba kowa. Irin santsin da kuke kama yara da shi ke nan. Ni wannan bai rage mini bangaskiya ba. Ya sa na ga mutane ne na gaske suka zauna da fitila suka yi wahala don labarin ya iso gare mu.

Ku kuka koya mini kada in rufe ido ga abin da ke kan takarda don kawai ba na son sa. In kun hana ni zuwa gida zan ji zafi fiye da yadda zan iya rubutawa, amma hanin ba zai canza abin da ke cikin shafukan ba.

Yaya, ki karanta masa yadda yake. Ina jiran amsa, ba zan kama hanya ba sai ya ce in zo.

Auta

*

Auta,

Wasiƙarka ta iso, na gode Allah da kana raye. Kumburin ƙafar Baba ya ɗan saɓe. Sauran labarin ba mai daɗi ba ne, kuma a wannan karon da hannuna a ciki.

Na karanta ta a shago kafin in kai masa, na ce a raina yaron nan zai kashe mana tsoho. Na ce maka gajeren ban haƙuri, ka aiko mini da lacca. Don haka da na zauna gabansa na riƙe takardarka, na fara da bakina. Na ce, "Baba, don girman Allah ku yafe mini. Ƙuruciya ce da ɗokin karatu. Don girman Allah kada ku riƙe ni a zuciya." Na tsallake maganar ba za ka janye ba. Na ɗauko ta Luka da ya ce wasu sun riga shi, don na ga za ta shiga kunnensa. Na ga kafaɗunsa sun fara sauka, har ya gyara zama.

Sai ga wata mai kawo mini ɗinki tana ƙwanƙwasa ƙofa tana kirana, tukunya kuma tana ƙauri a kicin. Hankalina ya rabu, na gaji da ƙirƙira, ido ya ja baki. Kafin in farga na karanta sakin layinka na ƙarshe ga Baba yadda ka rubuta shi, har da cewa haninsa ba zai canza komai ba.

Ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Mutum biyu ne suka rubuta wasiƙar nan."

Na ce, "Wane irin mutum biyu kuma, Baba?"

Ya ce, "Na farkon yana cewa don girman Allah. Auta bai taɓa faɗin haka ba tun da aka haife shi. Ke ce kike faɗa, in kin ɓata wa mutane ɗinki. Na biyun shi ne, da taurin kansa. Mai gyara aikin wani yakan yi ƙoƙari a farko. In ya gaji sai na asalin ya leƙo."

Ya aika a kira mai kemis, ya sa shi ya karanta wasiƙar daga sama har ƙasa ina tsaye. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Bawan Allah yana karatu yana share gumi, yana satar kallona. Da ya fita Baba ya ce, "Me ya sa?" Ni kuma da ma na cika, sai na fashe. Na ce, "Don na san wanda zai saurara. Na san Auta, na san ya yi nadama ko bai iya faɗa ba. Abin da yake nufi na faɗa, da bakin da za ku iya ji." Na yi tsammanin tsawa. Bai yi ba, ya dai daɗe yana murza hannun kujera.

Daga baya ya ce yana da ɗa marar kunya da 'ya maƙaryaciya, don haka ni ma na sauka daga karatun safe. Yanzu babu mai karanta masa. Yana tashi ya yi addu'a, ya ɗora Littafin a cinyarsa a rufe, ya zauna da shi haka har rana ta shigo ɗakin. In na wuce ta ƙofar ba na iya kallonsa.

Kada ka rubuto komai tukuna, kada kuma ka zo. Ɓarnar da ni da kai muka yi ta isa haka.

Yayarka

*

Auta,

Ta hannun direban motar kasuwa na aiko da wannan don ta riga gidan waya. Ka karanta ta a zaune.

Bayan kwanaki Baba ya kira ni ya ce in ɗauko Littafin. Ba karatun safe ba, in ji shi, aiki ne. Ya sa na karanta hadarin teku a Markus, sannan a Matiyu, sannan a Luka, in koma, in sake. Haka ciyar da dubu biyar. Yana sa ni tsayawa a tsakiyar jimla ya ce, "Ɗayan fa, me ya ce a nan?" Ɗinkin mutane ya taru a shago, ban kula ba. Da muka zo inda Luka ya ce gari sannan ya ce wurin da ba kowa, sai ya yi wani ɗan tsaki, irin wanda yake yi in ya kama ɗalibi. Amma babu murna a fuskarsa.

Jiya da hantsi ya ce in kawo takarda zai yi maka shifta. Ya ce mai kemis zai duba bayana, in na ƙara ko harafi ɗaya zai sani. Ga ta nan.

"Auta. Ina gaishe ka. Jikina da sauƙi.

Na duba aikin da ka ce in duba. Da a teburina aka ajiye takardun nan uku, da na ce ɗaya tana gaban sauran biyun lokacin da suke rubutu, kuma ta Markus ce. Shi ne mai kaushin, mai gyara kuwa ba ya ƙara kaushi. A nan ka ci. Ban ji daɗin hakan ba, ya hana ni cin abinci, kuma ban gama tunani a kai ba. Maganar rubutun da ya ɓace ban karɓa ba. Ban taɓa ba da maki a kan takardar da ba a kawo mini ba.

Ka ce ba sata ba ce. Yayarka ta yi mini abin da ka ce Matiyu ya yi, ta sassauta magana don mai ji. Na kira ta maƙaryaciya. Ita ta ce abin da ke zuciyarka ta faɗa. In haka ne, ban san sunan da zan ba abin da ta yi ba. In ba haka ba ne, sunan da na ba shi ya zauna. Kai kaɗai ka san wanne ne, kuma ba ka faɗa ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba ilimin ba ne, dariyar ce. Ka ɗauki abin da na tsaya a kai duk rayuwata da aikin da na ci abinci da shi, ka haɗa su ka yi raha a layi ɗaya.

Game da zuwanka gidan nan da karatun safe, abin da na yanke shi ne"

A nan ya tsaya, Auta. Ya ce in miƙo masa ruwa. Na miƙa, kofin ya suɓuce daga hannunsa, na ga bakinsa ya karkace. Maigidana da mai kemis suka ɗauke shi zuwa asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Yana ji, yana gane muryata, yana matse mini yatsu da hannun hagu, amma magana ba ta fita. Sun ce tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa.

A bencin asibiti nake rubuta maka wannan, takardar shiftar tana kan cinyata. Mai kemis ya karanta ta, ya ce, "Haba, ai kowa ya ga inda maganar ta nufa. Ki rubuta 'ka zo' kawai, ni ban gani ba." Ni ma ina ganin can ta nufa. Na ɗora biro a wurin har ya bar ɗigo, za ka gan shi. Amma na tuna sau nawa tsohon nan ya yabi aikin yaro sannan ya kayar da shi a layin ƙarshe. Ban sani ba, Auta. Ina so in sani, ban sani ba.

Don haka ba zan ce maka ya yafe ba, bai faɗa ba. Ba zan ce ya janye haninsa ba. Ka ce ba za ka kama hanya ba sai ya ce ka zo, to mai yiwuwa ba zai sake cewa komai ba, sai ka san abin da za ka yi da wannan.

Ni dai na aika an share ɗakinka, an shimfiɗa zanin gado. Direban zai juyo gobe da safe, na ce ya bar maka kujerar gaba. Wannan maganata ce, ba tasa ba.

Yayarka